Shin katin inshora yana ƙara wa talaka shekaru?

Tambaya: "Malam, na karanta cewa a ƙasashe irin su Amurka sai gwamnati ta duba kuɗin shigar mutum kafin ta sa shi cikin inshorar lafiya ta kyauta. Na kuma ji cewa masu kuɗi sun fi talakawa tsawon rai da shekaru masu yawa. Yaya ake tantance wanda ya cancanta? Kuma in aka ba kowane talaka inshora, wannan tazarar za ta rufe?"

Amsa: Malama, tambayoyi biyu kika haɗa, ta biyun kuwa ita ce mai nauyi. Inshora tana hana mutuwar mutane da yawa, wannan bincike ya tabbatar da shi. Amma tazarar da ke tsakanin mai hali da marar hali ta fi ƙarfin inshora ita kaɗai, kuma yadda ake tantance wanda ya cancanta yana da hannu wajen rage amfanin da inshorar za ta yi.

Bari in kawar da wani shakku tukuna. Idan masu ƙididdiga suka ce "tsawon rai", ba ajalin wani suke faɗa ba, wannan ba a hannunsu yake ba. Abin da suke yi shi ne su ɗauki jama'a mai yawa, su ƙirga mutum nawa suka rasu a kowace shekara ta haihuwa, 'yan 40 nawa, 'yan 41 nawa, har zuwa sama, sannan su ce: da haka abin zai ci gaba da tafiya, ga matsakaicin shekarun da ɗan wannan rukuni zai kai. A cikin rukunin akwai wanda zai tafi da wuri, akwai talakan da zai binne attajirai goma. Lissafin na taro ne, ba na mutum ɗaya ba.

Binciken da aka fi ambata a wannan fanni shi ne wanda masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2016. Sun haɗa bayanan haraji kimanin biliyan 1.4 na shekarun 1999 zuwa 2014 da rajistar mace-mace ta Amurka, suka duba shekarun da ɗan shekara 40 zai sa ran kaiwa gwargwadon abin da yake samu. Namijin da ke cikin kashi 1 cikin 100 mafi arziki yana sa ran shekara 87.3, na kashi 1 mafi talauci kuwa 72.7. Tazarar shekara 14.6 ke nan, a ƙasa ɗaya. A wajen mata 88.9 ne da 78.8, wato shekara 10.1. Kuma tazarar ƙaruwa take yi: daga 2001 zuwa 2014, mazan kashi 5 na sama sun ƙaru da sama da shekara 2, matansu da kusan 3, alhali matan kashi 5 na ƙasa kusan ba su motsa daga inda suke ba.

Mutane sukan tsaya a kan 14.6 ɗin nan saboda ita ke jan hankali. Ni a wurina abin da ya fi muhimmanci shi ne siffar zanen da suka fitar. Da talauci ne kaɗai ke rage shekaru, da za a ga talakawa a ƙasa, sannan da zarar an wuce wani mataki na samu kowa ya yi daidai. Ba haka ya fito ba. Abin kamar matakala yake, kowane mataki ya fi na ƙasansa. Mai matsakaicin albashi ya fi talaka, babban ma'aikaci ya fi mai matsakaicin albashi, attajiri ya fi babban ma'aikaci, har can ƙololuwa ba a ga inda ya tsaya ba, sai dai amfanin kowace dala yana raguwa yayin da ake hawa. Ki riƙe wannan matakala a zuciya, domin tsarin cancanta bai san da ita ba. Shi layi ɗaya yake ja.

Yadda ake jan layin a Amurka kuwa ga shi. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haifi shirye-shirye biyu. Medicare na 'yan shekara 65 zuwa sama ne, da wasu masu naƙasa, kuma ba a tambayar arzikin mutum kafin ya shiga. Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi ne, gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, kowace jiha kuma ita ke gudanar da nata. Shekaru kusan 50 talauci kaɗai bai isa ya shigar da mutum Medicaid ba. Sai ya zama talaka kuma yana cikin wani rukuni: yaro, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko mai naƙasa, ko mai 'ya'ya ƙanana. Magidancin da ba shi da ƙaramin yaro, ko da ba ya da ko sisi, a yawancin jihohi ba shi da gurbi.

Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da sunan Shugaba Obama, ta zo ta ce a bar zancen rukuni: duk baligin da bai kai 65 ba, in kuɗin shigarsa bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba, ya cancanta. A 2025 ma'aunin ya kasance dala 15,650 a shekara ga mutum ɗaya, dala 32,150 ga iyali mai mutum huɗu. Kashi 138 na mutum ɗaya ya kama dala 21,597, kimanin dala 1,800 a wata. Shi kansa ma'aunin yana da tarihin da ya kamata ki sani. Wata ma'aikaciyar gwamnati ce, Mollie Orshansky, ta tsara shi a farkon shekarun 1960: ta ɗauki kuɗin abinci mafi arha da iyali zai rayu a kai, ta ninka sau uku, saboda a lokacin kusan sulusin kuɗin gida a abinci yake tafiya. Tun daga nan hauhawar farashi kawai ake ƙara masa. Bai san kuɗin haya ya ninka ba, bai bambanta mai zama a birni mai tsada da na ƙauye ba, in ban da Alaska da Hawai da aka ware wa nasu. Babu likitan da ya zauna ya ce daga dala kaza jikin mutum ke daina buƙatar taimako. Layin kasafin kuɗi ne, ba na asibiti ba.

Sai kuma aka sami cikas. A 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba za a tilasta wa jihohi faɗaɗa Medicaid ba, kowace ta zaɓa. Jihohi 40 da babban birnin ƙasar sun amsa, 10 sun ƙi, ciki har da Teksas da Fulorida, duk da cewa gwamnatin tarayya ce ke biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin sababbin shiga. A nan ne wani abin mamaki ya ɓullo. Dokar ta tanadi tallafin sayen inshorar 'yan kasuwa ga masu samun kashi 100 na ma'aunin talauci zuwa sama, domin masu rubuta ta sun ɗauka duk wanda ke ƙasa da haka Medicaid zai ɗauke shi. Da jiha ta ƙi, sai aka wayi gari mutum a Teksas ya yi talaucin da ba zai sami tallafi ba, kuma bai shiga rukunin da Medicaid ke karɓa ba. Gaba kura, baya sayaki. Maƙwabcinsa da ya fi shi samu da 'yan daloli yana da tallafi, shi ba shi da komai. A jihar ma ko mai 'ya'ya ne, sai samunsa ya yi ƙasa da kashi 20 cikin 100 na ma'aunin kafin a karɓe shi.

Akwai wasu sharuɗɗan da ke tafe da kuɗin shiga. Baƙin da suka sami takardar zama ta dindindin galibi sai sun jira shekara 5, bisa wata dokar 1996. Tsofaffi da masu naƙasa a jihohi da dama ana duba har abin da suka ajiye, kuma iyakar da aka saba amfani da ita, dala 2,000 ga mutum ɗaya, tun 1989 ba a taɓa ta ba. Wato wanda ya yi ƙoƙarin tanadi saboda ranar wuya, tanadin nasa ne zai fitar da shi.

To, layi a kan matakala me yake haifarwa? Wadda take samun dala 1,790 a wata tana ciki, wadda take samun 1,850 tana waje, alhali jikinsu da unguwarsu da aikinsu duk ɗaya ne. Ga shi kuma samun talaka ba ya zama wuri ɗaya. Wannan watan an ba ta ƙarin awoyi a wurin aiki, wata mai zuwa an rage. Sai ta riƙa shiga tana fita, kuma kowace fita tana nufin maganin hawan jini ya yanke, ko likitan da ya san tarihinta ya canza. Ciwon suga da hawan jini ba sa jin magani irin na yau a sha gobe a bari.

Takardu ma wata katanga ce, kuma ni ina ganin an fi raina ta. Lokacin annobar korona an hana jihohi cire kowa daga Medicaid, har masu rajista, in an haɗa da shirin inshorar yara, suka haura miliyan 90. Da aka ɗage hanin a watan Afrilun 2023, an cire sama da mutum miliyan 25, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu ba don an tabbatar sun daina cancanta ba ne. Wasiƙa ce ta je tsohon adireshi, ko fom bai koma a kan lokaci ba. Jihar Arkansas ta gwada sharaɗin nuna shaidar aiki a 2018, cikin 'yan watanni mutum sama da 18,000 suka rasa inshorarsu kafin kotu ta dakatar da shirin a 2019, kuma binciken da aka yi bayan haka bai ga ƙaruwar masu aiki ba. Yawancin waɗanda dokar ta shafa dama suna aiki ko suna da uzurin da aka yarda da shi, kai rahoton ne ya gagare su. Duk da haka dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2025 ta mai da irin wannan sharaɗi na ƙasa baki ɗaya ga manyan da suka shiga ta hanyar faɗaɗawar, awa 80 a wata.

Yanzu tambayarki ta biyu. Wahalar amsa ta ita ce ba a iya kwatanta masu inshora da marasa ita kai tsaye, don sun bambanta ta hanyoyi ɗari. In kika kwatanta 'yan Medicaid da sauran jama'a za ki ga 'yan Medicaid sun fi mutuwa, kuma wasu 'yan siyasa sun sha kafa hujja da wannan. Ai kuwa majinyatan asibiti ma sun fi mutanen kasuwa mutuwa, babu mai cewa asibitin ne ya kashe su. Abin da ake buƙata shi ne mutane iri ɗaya, wasu su samu wasu su rasa ba da zaɓinsu ba.

Jihar Oregon ta ba da wannan dama a 2008 ba da niyya ba. Kuɗinta na iya ɗaukar mutum kusan 10,000, masu nema kuma sun kai kusan 90,000, sai ta yi ƙuri'a. Amy Finkelstein da Katherine Baicker da abokansu suka bi waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ta tsallake. Bayan kimanin shekara biyu, masu inshorar sun fi zuwa wurin likita, an fi gano ciwon suga a jikinsu an ɗora su a kan magani, ciwon damuwa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, kuma irin kuɗin asibitin nan da ke karya gida kusan ya ɓace a cikinsu. Zuwa sashen gaggawa ƙaruwa ya yi da kusan kashi 40 cikin 100, saɓanin abin da magoya bayan shirin suka yi ta alkawari. Sannan ga abin da ya tada ƙura: awon hawan jini da kitsen jini da suga bai nuna bambancin da za a dogara da shi ba.

Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi ya tafi. Gaskiyar ita ce gwajin ya yi ƙanƙanta ga tambayar mutuwa. Mutanen ba tsofaffi ba ne, masu hawan jini a cikinsu ba su da yawa, shekara biyu kuma ba komai ba ce a rayuwar ciwon zuciya. Wanda ya jefa ƙaramar fatsa a babban kogi bai kama kifi ba, ba zai rantse cewa babu kifi ba. Tun kafin nan ma, babban gwajin da cibiyar RAND ta yi daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ya nuna alamar inda za a duba. Sa mutane su biya wani kaso na kuɗin magani ya rage zuwansu asibiti da kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da lafiyar yawancinsu ta taɓu ba, in ban da rukuni ɗaya: talakawa masu hawan jini, waɗanda kulawar kyauta ta saukar musu da jinin. Amfanin inshora a wurin talaka marar lafiya yake taruwa, in aka baza shi a kan kowa da kowa sai ya ɓace a lissafi.

Da aka sami manyan alƙaluma sai kifin ya fito. Hukuncin 2012 ɗin nan da ya raba jihohi biyu ya zama gwaji, ko da yake mai tsada ne ga waɗanda aka bari a waje. Sarah Miller da Norman Johnson da Laura Wherry sun bi masu ƙaramin ƙarfi 'yan shekara 55 zuwa 64, suka ga mutuwarsu ta shekara-shekara ta ragu da kusan kashi 9 cikin 100 a jihohin da suka faɗaɗa idan aka kwatanta da waɗanda suka ƙi. Sun ƙiyasta rayuka 19,200 da aka tsirar cikin shekara huɗu na farko, da kuma 15,600 da aka rasa a jihohin da suka ƙi. Ragin daga mace-macen cuta ya fito, ba daga haɗarin mota da makamantansa ba, kuma haka ya kamata ya kasance in har inshorar ce sanadi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na wasiƙu. A farkon 2017 hukumar tara harajin Amurka ta aika wasiƙa ga gidaje kusan miliyan 3.9 da suka biya tarar rashin inshora, tana tuna musu yadda za su yi rajista. Kuɗin aikawa bai isa kowa ba, sai aka bar wasu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda suka sami wasiƙar sun ɗan fi yin rajista, kuma a cikin 'yan shekara 45 zuwa 64 an sami ragin mutuwa ɗaya a kan kowane mutum kusan 1,600 da aka aika wa. Takarda ɗaya a cikin ambulan. Haka kuma wani bincike a asibitocin Kalifoniya ya kwatanta waɗanda aka kawo cikin gaggawa suna gab da cika 65 da waɗanda suka ɗan haura, wato suka shiga Medicare, aka ga mutuwa cikin makon farko ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a wurin na biyun. A wajen Amurka ma akwai shaida. Tailan ta buɗe shirinta na kowa da kowa a 2001 zuwa 2002, inda a lokacin majinyaci ke biyan bat 30 kacal na kuɗin ƙasar, kuma bayan haka bambancin mutuwar jarirai tsakanin lardunan masu arziki da na talakawa ya kusa gushewa.

Saboda haka duk wanda ya ce miki inshora ba ta ceton rai, bai bi binciken shekarun baya-bayan nan ba. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ki duba ƙasashen da kowa ke da inshora tun daga haihuwa. A Norwe, da aka yi irin lissafin Chetty aka fitar a 2019, tazarar kashi 1 na sama da kashi 1 na ƙasa ta kai shekara 13.8 ga maza, 8.4 ga mata. A Faransa hukumar ƙididdiga ta sami shekara 13 tsakanin mazan kashi 5 na sama da na ƙasa, 8 ga mata. Birtaniya tun 1948 take da asibitin gwamnati kyauta ga kowa, amma rahoton Michael Marmot na 2010 ya nuna mazauna unguwannin talakawa a Ingila suna riga na unguwannin masu hali mutuwa da shekara 7, kuma in shekarun da mutum ke yi da ƙoshin lafiya za a ƙirga, tazarar 17 ce.

Shi Marmot ɗin ya daɗe a kan wannan batu. Binciken Whitehall da aka fara a 1967 ya bi ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a Landan. Dukansu suna da albashi, dukansu asibiti ɗaya ke buɗe musu, babu mai kwana da yunwa. Duk da haka masinjoji da masu gadin ƙofa sun ninka manyan jami'ai mutuwa kusan sau uku, kuma matakalar nan ta sake fitowa: kowane muƙami ya fi na ƙasansa. Taba da hawan jini da ƙiba sun bayyana wani ɓangare na bambancin, ba duka ba. Marmot ya ɗora sauran a kan rashin iko da aikin da mutum ke yi da kuma doguwar damuwa. Masana suna jayayya a kan girman wannan kaso, amma matakalar kanta babu mai musunta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Likita yana ganin mutum ne bayan cuta ta riga ta kama shi, ita kuwa cutar a gida da wurin aiki da unguwa take ginuwa shekara da shekaru. Wa ke shan taba, wa ke aikin dare, wa ke zaune kusa da hayaƙin masana'anta, wa ke da sukunin barci. Ko a wurin amfani da inshorar ma, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: kati ba ya biyan kuɗin mota zuwa asibiti, ba ya mayar wa mai aikin awa-awa ladan yinin da ta rasa a layin ganin likita, ba ya kawo ƙwararren likita unguwar da babu shi. Wani likitan Wales, Julian Tudor Hart, ya faɗa tun 1971 cewa kulawa mai kyau ta fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarta.

Binciken Chetty ma ya taɓo wannan. Attajiri ko'ina yake zaune a Amurka tsawon ransa kusan ɗaya ne, amma talaka garinsa yana da tasiri ƙwarai, har kimanin shekara 4 da rabi tsakanin yankunan da suka fi da waɗanda suka gaza. Talakan Niyok ko San Faransisko ya fi na Detroit daɗewa. Da suka nemi abin da ke tafiya tare da wannan bambanci, sai suka ga taba da ƙiba da motsa jiki ne a gaba, sai yawan masu ilimin jami'a da baƙi 'yan ƙasashen waje a gari, da kuɗin da ƙaramar hukuma ke kashewa. Yawan masu inshora bai nuna alaƙa mai ƙarfi ba. Wannan bai rushe binciken Miller ba, don ɗaya yana auna abin da inshora ta sauya ne, ɗayan yana duba abin da ya bambanta gari da gari. Amma ya nuna miki girman abin da ke wajen asibiti.

Akwai kuma wata tambayar da ya kamata mai nazari ya yi wa kansa: talauci ne ke jawo ciwo, ko ciwo ne ke jawo talauci? Duka biyun. Wanda ciwon ƙoda ya kama yana ɗan 45 zai bar aiki, samunsa ya faɗi, ya rasu da wuri, a rubuta shi cikin talakawa, alhali cutar ce ta kai shi can. Wannan yana da yawa musamman a cikin kashi 1 na ƙasan nan, shi ya sa nake cewa a yi hattara da 14.6. Kuma kuɗi kaɗai, in ya zo a makare, ba ya yin abin da ake zato. A Suwidin an bi dubban mutanen da suka ci manyan kuɗaɗe a cacar ƙuri'a, ba a ga tsawon ransu ya ƙaru ba. Amma a Amurka, da aka bi 'ya'yan matan da suka nemi tallafin iyaye mata tsakanin 1911 da 1935, 'ya'ya mazan waɗanda aka ba sun fi na waɗanda aka hana tsawon rai da kusan shekara ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka yake ga inshorar ma: yaran da suka tashi cikin Medicaid an bi su zuwa girma, an ga sun fi takwarorinsu lafiya, sun fi su biyan haraji, har gwamnati ta mayar da wani kaso na abin da ta kashe. In gwamnati ba ta da kuɗin ɗaukar kowa, ni yara da masu juna biyu zan ce ta fara da su, sai 'yan 50 zuwa 64 masu ciwon da ba ya warkewa, kuma in ta sa mutum a ciki ta bar shi aƙalla shekara guda ba tare da neman sabuwar takarda ba.

Bari in mayar da ke Norwe, don akwai abin da na tsallake da gangan. Tazarar mafi arziki da mafi talauci kusan ɗaya ce da ta Amurka, haka ne. Amma da masu binciken suka jera ƙasashen biyu mataki-mataki, sai suka ga babban bambancin yana wurin masu ƙaramin samu zuwa matsakaita, kuma 'yan Norwe ne suka fi daɗewa. Inshora ba ita kaɗai ta bambanta ƙasashen biyu ba, akwai makaranta da hutun haihuwa da tallafin rashin aiki. Sai dai ki lura da ko su waye waɗannan mutane in a Amurka suke: direban motar kaya, mai kula da tsofaffi a gida, mai karɓar kuɗi a kanti. Su ne ke shawagi a bakin layin dala 1,800 ɗin nan, wani watan a ciki, wani watan a waje, kuma a Teksas ko Fulorida galibinsu ba su taɓa shiga ba.